Cinikin Usur: Yadda Sayar Da Wasa Ya Karya Kasuwar Ƙwallon Ƙafa A Ƙasar Sin

A ranar 26 ga watan Maris na shekarar 2024, wata kotu a birnin Huangshi da ke lardin Hubei na ƙasar Sin ta yanke wa Chen Xuyuan hukuncin ɗaurin rai da rai, bayan da ta same shi da laifin karɓar hanci na fiye da yuan miliyan 81, watau kimanin dalar Amurka miliyan 11, tsakanin shekarar 2010 da 2023. Chen dai shi ne shugaban hukumar wasan ƙwallon ƙafa ta ƙasar tun daga watan Agusta na 2019 har zuwa lokacin da aka fara bincikensa a watan Fabrairu na 2023. Asalinsa mutumin kasuwanci ne, wanda ya fara da aikin leburanci a tashar jiragen ruwa ta Shanghai har ya kai ga shugabancin kamfanin da ke tafiyar da tashar, kuma an kawo shi ne da fatan wanda ya san riba da faɗuwa zai gyara abin da ma'aikatan gwamnati suka ɓata. A cikin wani shiri da gidan talabijin na gwamnati, CCTV, ya nuna a watan Janairu na 2024, shi da bakinsa ya bayyana cewa a daren jajiberin zaɓensa wasu jami'ai biyu na hukumomin ƙwallon ƙafa na yankuna sun same shi a masaukinsa, kowannensu ya ajiye masa yuan 300,000, suka ce masa haka aka saba yi.

Wannan shi ne karo na uku cikin shekaru ashirin da 'yan kai da hukumomin ƙasar Sin suka yi wa harkar ƙwallon ƙafa shara, kuma kowace shara takan fi wadda ta gabace ta yawan mutanen da take kwashewa. Tun da ana kamawa ana ɗaurewa amma cutar na komowa, tambayar da ta dace ɗan kasuwa ya yi ita ce ta tsari: wane ne ke zuba kuɗi a wannan harka, me yake saye da kuɗin nasa, kuma wane ne ke tsaron kasuwar.

Hajar da gasar ƙwallon ƙafa ke sayarwa guda ɗaya ce, watau rashin sanin wanda zai ci. Saboda ita ɗan kallo ke yankar tikiti, saboda ɗan kallo gidan talabijin ke biyan kuɗin nuna wasa, saboda talabijin kuma kamfani ke biyan kuɗin talla. Ranar da jama'a suka gane cewa an gama shirya sakamakon wasa a ɗakin otal kafin a busa usur, hajar ta ruɓe, kuma asarar ta shafi kowane kulob, har da waɗanda ba su ci nanin ba. Wannan ne ya sa a inda kulob ke rayuwa da kuɗin 'yan kallo, masu kulob ɗin su ne kan gaba wajen tsare mutuncin gasar. A ƙasar Sin kuwa, tun daga farko ribar mai kulob ba daga filin wasa take fitowa ba.

An soma gasar ƙwararru ta farko, mai suna Jia-A, a shekarar 1994 da ƙungiyoyi 12, kuma tabar Marlboro ce ta ɗauki nauyinta. Kafin wannan lokaci ƙungiyoyin na hannun hukumomin wasanni na larduna ne da kuma rundunar soja. Da aka buɗe ƙofa, sai kamfanoni suka karɓe su, yawancinsu na gwamnati ko kuma masu dogaro da alfarmar gwamnatocin birane: kamfanin barasa na Quanxing a Sichuan, kamfanin taba na Hongta a Yunnan, kamfanin gine-gine na Wanda a Dalian. Ga irin waɗannan kamfanoni, kulob allon talla ne, kuma hanya ce ta shiga ofishin magajin gari. A shekarun farko filayen wasa sun cika maƙil, musamman a Chengdu da Xi'an da Dalian.

Ta ɓangaren mulki kuma, akwai abin da Sinawa ke kira ofishi ɗaya mai alluna biyu. A ƙofa an rubuta hukumar wasan ƙwallon ƙafa, wadda a idon FIFA ƙungiya ce mai zaman kanta. A gefe kuma an rubuta cibiyar kula da ƙwallon ƙafa ta hukumar wasanni ta gwamnati. Mutanen da ke ciki su ne dai. Su ke tsara doka, su ke zaɓen alƙalan wasa, su ke sayar da tallan gasar, su ke sauraren ƙara idan an yi zargin maguɗi. Mai ma'auni ya zama shi ne dillali, shi ne kuma sarkin kasuwa.

Ba a daɗe ba ɓarakar ta fito. A watan Satumba na 1998, Wang Jianlin, mai kamfanin Wanda, wanda kulob ɗinsa ya fi kowanne cin kofi a wancan zamani, ya bayyana cewa zai fita daga harkar baki ɗaya, bayan wani wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofi da ƙungiyar Liaoning inda ya zargi alƙalin wasa da rashin adalci. Daga bisani ya sayar da kulob ɗin ga kamfanin Shide. Kalmar "baƙin usur", watau alƙalin wasan da aka saye, ta zama ruwan dare a jaridu.

Abin da ya faru a 2001 ya fi kowanne nuna yadda shawarar masu mulki ke sanya wa wasa farashi. Domin a ba ƙungiyar ƙasa sarari ta nemi zuwa gasar cin kofin duniya, hukumar ta dakatar da faɗuwa daga rukuni na farko a wannan shekara, ta kuma sanar da cewa babu hawa daga rukuni na biyu a shekara mai zuwa. Ke nan duk kulob ɗin rukuni na biyu da bai hau ba a 2001, sai ya yi zaman jira da kuɗinsa a kwance. Da gasar ta zo ƙarshe, yawan ƙwallaye ne zai raba gardama, sai ga Chengdu Wuniu ta ci Sichuan Mianyang 11 da 2, sai ga Changchun Yatai ta ci Zhejiang Greentown 6 da nema. Mai karatu a Nijeriya ba zai rasa tuna abin da ya faru a Bauchi a 2013 ba, inda aka tashi wasanni biyu na neman hawa 79 da nema da kuma 67 da nema. Lissafin guda ne. Jaridun Sin suka laƙaba wa ƙungiyoyin da abin ya shafa suna ɓeraye biyar. Song Weiping, mai kulob ɗin Greentown, da Li Shufu, mai kamfanin motoci na Geely, suka fito fili suka ce su kansu sun sha biyan alƙalan wasa. Duk da wannan tonon silili, mutum ɗaya tak aka ɗaure, alƙalin wasa Gong Jianping, wanda aka yanke wa shekaru 10 a watan Janairu na 2003 saboda karɓar yuan 370,000, ya kuma rasu a 2004 bai gama wa'adinsa ba.

Ƙungiyar ƙasar ta samu zuwa gasar kofin duniya ta 2002 a ƙarƙashin Bora Milutinovic, wanda ya jagoranci Nijeriya zuwa Faransa a 1998. Kosta Rika ta ci ta 2 da nema, Birazil 4 da nema, Turkiyya 3 da nema. Tun daga nan ba ta sake zuwa ba.

A 2004 aka sake wa gasar suna zuwa Super League, aka ce sabon shafi aka buɗe. A cikin watan Oktoba na shekarar, 'yan wasan Beijing suka fice daga fili ana tsakiyar wasa a Shenyang don nuna rashin yarda da bugun daga kai sai mai tsaron gida da aka bayar a kansu, sa'annan masu kulob bakwai suka haɗa kai suka nemi a bayyana musu lissafin kuɗin gasar, a kuma raba mai sa ido da mai gudanarwa. Ba su samu biyan bukata ba. Kasuwa kuwa ta yanke nata hukuncin: kamfanin Siemens ya janye, aka buga gasar 2005 ba tare da wani kamfani ya sayi sunanta ba. Har da aka kafa kamfani na musamman domin harkokin kasuwancin gasar, hukumar ce ta riƙe kashi 36 cikin 100 na hannun jarin, ta bar wa kowane kulob kashi 4.

Shara ta biyu daga waje ta faro. Hukumomin Singafo sun nemi wani Basine mai suna Wang Xin, manajan kulob ɗin Liaoning Guangyuan da ya buga gasar ƙasarsu a 2007, bisa laifin sayar da wasanni, kuma kama shi da 'yan sandan Sin suka yi a 2009 shi ne ya warware zaren. A shekarar 2012 kotuna suka ɗaure Xie Yalong da Nan Yong, waɗanda suka riƙe ragamar hukumar ɗaya bayan ɗaya, shekaru goma da rabi kowannensu. Lu Jun, alƙalin wasan da ake yi wa kirari da usur na zinariya, wanda ya busa wasanni biyu a gasar kofin duniya ta 2002, ya samu shekaru biyar da rabi. Shari'ar ta kuma tono abin da ya faru a ranar ƙarshe ta gasar 2003, lokacin da 'yan wasa huɗu na Shanghai International, Shen Si da Qi Hong da Jiang Jin da Li Ming, suka raba yuan miliyan 8 domin su bari Tianjin Teda ta ci su ta tsira daga faɗuwa. Kulob ɗin nasu ya ƙare gasar da ratar maki ɗaya tsakaninsa da zakara, watau da sun ci wasan da sun ɗauki kofi. Shi ma zakaran, Shanghai Shenhua, an ƙwace kofin daga hannunsa a watan Fabrairu na 2013 saboda nasa maguɗin, aka bar shekarar 2003 ba ta da zakara. A rana guda aka haramta wa mutum 33 harkar ƙwallo har abada.

A daidai lokacin da ake wannan shara ne manyan kuɗi suka shigo. Kulob ɗin Guangzhou na cikin waɗanda aka mayar rukuni na biyu a farkon 2010 saboda sayen wasa, kuma a watan Maris na shekarar kamfanin gina gidaje na Evergrande ya saye shi a kan yuan miliyan 100. Ya ci gasar sau bakwai a jere daga 2011 zuwa 2017, ya ci kofin zakarun Asiya a 2013 da 2015, har kamfanin Alibaba ya biya yuan miliyan 1,200 a 2014 domin mallakar rabinsa. A 2011 Xi Jinping, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya bayyana burinsa guda uku: ƙasar ta je gasar kofin duniya, ta karɓi baƙuncinta, ta kuma ci kofin. Da ya zama shugaba, aka fitar da shirin gyara mai sharuɗɗa 50 a 2015. Kowane attajiri ya gane inda iska ke kaɗawa. A ƙasar Sin gwamnatocin birane ne ke sayar da izinin filayen gini, manyan bankuna kuma na gwamnati ne, saboda haka ga mai gina gidaje, asarar da kulob ke yi kuɗin gaisuwa ne, ribar tana can wajen fili da rance da sunan da ke sayar da gidaje.

Alƙaluman wannan zamani sun wuce hankali. Wani kamfani ya sayi izinin nuna wasannin gasar na shekaru biyar daga 2016 a kan yuan miliyan dubu 8, fiye da dala miliyan dubu 1, kuɗin da bai iya mayarwa ba, har sai da aka sake yarjejeniyar a 2018 ta koma yuan miliyan dubu 11 a shekaru goma. Shanghai SIPG, kulob ɗin kamfanin da Chen Xuyuan ke shugabanta a lokacin, ya sayo Oscar daga Chelsea a kan kimanin fam miliyan 60. 'Yan wasan Nijeriya ma sun sami rabonsu: Yakubu Aiyegbeni ya je Guangzhou R&F a 2012, Obafemi Martins ya je Shanghai Shenhua a 2016, a watan Janairu na 2017 kuma John Mikel Obi ya koma Tianjin Teda, Odion Ighalo ya bar Watford zuwa Changchun Yatai a kan kimanin fam miliyan 20. Kulob ɗin Guangzhou Evergrande, wanda dole ya riƙa bayyana lissafinsa saboda an sa hannun jarinsa a kasuwa, ya yi asarar kusan yuan miliyan dubu 2 a shekarar 2019 kaɗai, shekarar da ya ci gasar karo na takwas.

Idan zama a rukuni na farko ya kai wannan daraja ga mai kulob, to kujerar hawa tana da farashi, kuma shari'ar Li Tie ta nuna nawa ne. Li Tie, wanda ya taɓa buga wa Everton a Ingila, yana cikin masu horar da Hebei China Fortune, kulob ɗin wani kamfanin gine-gine, a 2015, lokacin da ya ci wasanni takwas na ƙarshe a jere ya hau. A shirin CCTV ɗin nan an bayyana cewa wasan ƙarshe kaɗai, wanda aka yi da Shenzhen, ya ci yuan miliyan 14. Li Tie ya amsa cewa ya maimaita dabarar a Wuhan Zall, wanda ya hau a 2018, sa'annan an biya yuan miliyan 3 domin ya samu muƙamin mai horar da ƙungiyar ƙasa, miliyan 2 ga Chen, miliyan 1 ga babban sakataren hukumar, Liu Yi. Duk wannan ya faru ne bayan ɗaurin 2012, kuma rabinsa bayan an sanar da raba hukumar da gwamnati, an sauke allon cibiyar kula da ƙwallon ƙafa a 2017. An sauke allo, amma mataimakin shugaban hukumar wasanni ta gwamnati, Du Zhaocai, shi ne ya zama sakataren jam'iyya a cikin hukumar. A watan Disamba na 2024 aka yanke wa Li Tie shekaru 20, Du Zhaocai shekaru 14, Liu Yi shekaru 11.

Kafin a kai ga waɗannan hukunce-hukunce, kasuwar ta riga ta rushe. Hukumar ta sa harajin kashi 100 cikin 100 a kan sayen 'yan wasa masu tsada daga waje a 2017, ta ƙayyade albashi, sa'annan daga 2021 ta hana sanya sunan kamfani a jikin sunan kulob. Wannan doka ta ƙarshe tana da kyau a takarda, sai dai ta cire wa mai kulob allon tallan da saboda shi ya shigo, ba tare da an samar masa wata hanyar samun kuɗi ba. Ta kuma zo a mugun lokaci, domin a watan Agusta na 2020 gwamnati ta taƙaita rancen da kamfanonin gina gidaje ke iya ci, ga kuma annobar korona da ta sa aka riƙa buga wasanni a rufe. Jiangsu, kulob ɗin kamfanin Suning, ya ci gasar a watan Nuwamba na 2020, ya rufe ƙofa a ranar 28 ga Fabrairu, 2021. Chongqing ya bi sahu a 2022, Hebei da Wuhan a 2023, Shenzhen da Dalian a farkon 2024. Evergrande, mai bashin fiye da dala miliyan dubu 300, ya kasa biya a ƙarshen 2021, wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a watan Janairu na 2024, kulob ɗinsa mai kofi takwas kuma ya mutu a watan Janairu na 2025 saboda bashi ya hana shi samun lasisi.

Talaucin ya zo da irin nasa maguɗin. A zamanin wadata mai kulob ke sayen wasa domin ya hau. Da albashi ya riƙa makalewa watanni, sai ɗan wasa ya zama mai araha ga 'yan caca. Dokar ƙasar Sin ta haramta caca in ban da ta gwamnati, saboda haka yawancin cinikin ya koma hannun masu gudanar da shi a ɓoye ta intanet. A ranar 10 ga Satumba, 2024, 'yan sanda suka sanar a Dalian cewa binciken shekaru biyu ya gano wasanni 120 da aka sayar, da kulob 41 da abin ya shafa, da mutum 128 da ake tuhuma, aka kuma haramta wa mutum 43 harkar ƙwallo har abada. Cikinsu har da ɗan wasan Koriya ta Kudu Son Jun-ho na Shandong Taishan, wanda aka tsare kimanin watanni goma. Ya musanta laifin, FIFA kuma ta ƙi faɗaɗa haramcin zuwa sauran ƙasashe. Kwanaki biyar kafin sanarwar, Japan ta lallasa ƙungiyar ƙasar Sin 7 da nema, kuma a watan Yuni na 2025 Indonesiya ta fitar da ita daga neman gurbi a gasar 2026, duk da an ƙara yawan ƙasashen gasar zuwa 48.

Sai a watan Janairu na 2025 aka kafa wata ƙungiya dabam domin gudanar da gasannin ƙwararru, aka bar wa hukumar aikin sa ido, watau abin da masu kulob bakwai suka nema shekaru ashirin da suka wuce. Ko rabuwar ta gaskiya ce, abin da zai nuna shi ne wanda ke naɗa shugabannin sabuwar ƙungiyar da wanda ke duba littafinta, domin an taɓa sauke allo a 2017 mutane ba su canza ba. A watan Janairu na 2026 hukumar ta sake haramta wa mutum 73 harkar har abada, ta hukunta kulob 13, kuma waɗanda aka fi zaftare wa maki, goma-goma, su ne Shanghai Shenhua da kulob ɗin Tianjin, su ne dai biyun da aka zaftare wa maki shida-shida a 2013.

'Yan kallo kam suna nan. A shekarar 2025, a lardin Jiangsu inda zakaran ƙasa ya mutu watanni uku da ɗaukar kofi, an shirya gasa tsakanin biranen lardin 13, yawancin 'yan wasan ɗalibai ne da ma'aikata da 'yan kasuwa, tikitin kuma bai taka kara ya karya ba. Wasannin da aka yi a Nanjing sun tara mutum fiye da 60,000, kamfanoni suka yi ta rububin sayen talla, otal-otal da gidajen abinci na biranen suka yi ciniki. Gwamnatocin biranen ne ke shirya gasar, babu hawa, babu faɗuwa, kuma Taizhou ce ta ɗauki kofin farko bayan ta doke Nantong a bugun daga kai sai mai tsaron gida.